Darajar Zoɓo a Kasuwa: Darasi Daga Masu Ɗanɗanon Giyar Italiya

GOMBE — Duk wanda ya taɓa sayen zoɓo a Babbar Kasuwar Gombe ya san yadda cinikin yake. Mai saye kan damƙi busasshen zoɓon, ya duba launinsa, ya shinshina, ya ɗan tauna domin jin tsaminsa. Wanda ja ya yi masa yawa har ya doshi baƙi shi ne abin nema, saboda ya fi ba da kauri idan aka dafa. Sai dai wannan ƙwarewa a baki take tsayawa, domin babu wata shaidar da ke bin buhu ta bambanta na ƙwarai da na yayi.

A ƙasar Italiya kuwa, irin wannan ɗanɗano doka ce. Giya haramun ce ga Musulmi, amma tsarin da Italiyawa suka shimfiɗa wajen tantance jar giyar inabi abin nazari ne ga 'yan kasuwa. A 1963 aka kafa dokar da ta ɗaure sunan kowace giya da yankin da aka noma inabinta. A 1980 aka ɗaga wasu zuwa matsayi mafi girma da ake kira DOCG, ciki har da Barolo. Wajibi ne Barolo ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Kafin a sayar, sai an gwada ta a ɗakin bincike, sannan kwamitin masu ɗanɗano ya auna launi da ƙamshi da bauri da nauyinta a baki. Wadda ta ci jarrabawa ce kaɗai ake liƙa wa takardar gwamnati mai lamba a wuyan kwalba.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar rashin tantancewa. Ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da shigar da shi bayan an gano ƙwari a cikin kaya, kuma sai daga baya aka sake buɗe ƙofa.

Feshin magani yana kawar da ƙwari, amma ba ya ƙara wa zoɓo daraja. Ingancinsa daga gona yake farawa: a tsinke shi bayan ya ƙosa, a shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, a tsince tsakuwa da ƙaiƙayi. Muddin manomin da ya yi wannan wahala ba shi da shaidar da za ta bi buhunsa, dillali ne zai ci gaba da cin ribar guminsa.