Ɗan Aikenki Bakinki Ne

Yau maganarmu a kan wakilci take.

Ke da kike cikin kulle a Paki, ko Ikara, ko Kudan, ba kya zuwa kasuwa, amma sana'arki tana zuwa. Yarinya ke kai miki tallan ƙuli-ƙuli, almajiri ke sayo miki gyaɗa, dillaliya ke yawo da atamfarki gida-gida. Duk wakilanki ne, abin da suka ƙulla da sunanki kuma yana iya hawa kanki.

Izini iri uku ne. Na farko wanda kika furta da bakinki. Na biyu wanda ba ki faɗa ba, amma aikin ya ƙunsa. In kin ba dillaliya zane ta sayar, to nuna shi da yin ciniki sun shiga ciki, don haka aka saba. Malamanmu na Malikiyya sukan mayar da irin wannan ga al'adar gari.

Na uku shi ne mai kawo rigima. A ce wata shida kina aiken almajiri ya karɓo manja bashi a shago, ke kuma kina biya. Sai kuka ɓata, kika sallame shi, ba ki sanar da mai shago ba. Washegari ya karɓi galan guda da sunanki, ya gudu. To Hajiya, sai ki biya, don ke kika sa mai shago ya amince da shi.

Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke a 1964, a shari'ar Freeman da Lockyer. Wani kamfani ya zuba ido wani daraktansa yana aiki kamar shugaba ba tare da an naɗa shi ba. Ya ɗauki masu zanen gini aiki, kotu ta ce dole kamfanin ya biya su. Kotunan Najeriya suna aiki da wannan ƙa'ida.

Amma fa alamar daga gare ki za ta fito. Yaro ya ce "Hajiya ce ta aiko ni" kawai, ba ki taɓa aikensa ba, wannan bai ɗaure ki ba.

Saboda haka, in kin canza ɗan aike, ki sa maigida ko ɗanki ya sanar da mai shago ranar. In kin hana dillaliya bayar da bashi, ki faɗa gaban shaidu, masu saye ma su ji.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Sai mun sake saduwa.