Fina-finan Muhalli a Waya: Guda Uku da Ke Ba da Labarin Gonaki Irin na Arewacin Kano

Idan aka ambaci fim ɗin dokumentari kan muhalli, abin da ke fara zuwa ran mafi yawan masu waya shi ne ƙanƙara tana narkewa a wata ƙasa mai nisa, ko zaki yana bin barewa. Amma akwai wasu fina-finan gaskiya da aka ɗauka a yankin Sahel, waɗanda duk wanda ya tashi a Bichi, Ɗambatta, Makoɗa ko Kunchi zai gane komai a cikinsu: gero, dawa, gawo, iskar rani da zaman jiran ruwan shuka.

Fina-finai uku da ya kamata a nema

Na farko shi ne The Man Who Stopped the Desert, wanda Mark Dodd ya fitar a 2010. Labarin Yacouba Sawadogo ne, manomi daga arewacin Burkina Faso. Ya riƙa haƙa ƙananan ramuka tun da rani, waɗanda ake kira zai, yana zuba musu taki, domin ruwan farko ya taru a gindin shuka. Da haka ya mayar da faƙo daji. Ya rasu a Disambar 2023.

Na biyu shi ne The Great Green Wall na 2019, wanda Jared P. Scott ya ba da umarni. A ciki mawaƙiyar Mali, Inna Modja, ta bi layin shirin dashen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa.

Na uku, The Forest Maker na Bajamushe Volker Schlöndorff, ya fi kusa da gida. Yana magana ne kan Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki a Maraɗi. A 1983 ya lura cewa kututtukan da ake sharewa a gona suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar tofo mafi ƙarfi aka sassabe sauran, itace zai dawo ba tare da an sayi dashe ba. Manoman Nijar suna kiran dabarar sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5.

Me ya haɗa su da Kano?

Darasin da ke fitowa fili, musamman daga fim na farko da na uku, shi ne manomi ne ke riƙe ƙasa da abin da ke hannunsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960. Ya nuna cewa duk da yawan jama'a da noma gona ɗaya kowace shekara, manoma sun riƙe ƙarfin ƙasarsu da takin dabbobi, da sharar birni da ake ɗaukowa a jakuna, da barin itatuwa a gona. Gawo misali ne: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki da awaki ne.

Yau sarar itace don girki da gawayi, da yanka gonaki zuwa fulotai, suna barazana ga wannan tsari. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 kuma suna ƙarewa, tare da abin da suka sani.

Kallo ba tare da ƙone data ba

Ana samun tallan waɗannan fina-finai da hirarraki game da su a YouTube. A sauke ingancin hoto zuwa 360p, wanda ya wadatar a allon waya kuma ba ya cin rabin datar da 720p ke ci. Wanda bai jin Turanci sosai ya kunna CC, ya kuma rage saurin bidiyon zuwa 0.75.

Akwai kuma Google Earth Timelapse, da ke nuna hotunan tauraron ɗan'adam daga 1984. Ba ya nuna itace ɗaya-ɗaya, amma ana ganin yadda gari ke cin gonaki, da yadda ruwan dam ɗin Watari ko na Tomas ke ƙaruwa da raguwa.

Wayar da ke aljihu ma kyamara ce

Matashin da ke son ɗaukar labarin ƙauyensu ba ya buƙatar kayan Kannywood. Ya riƙe wayar a kwance, ya saita ta a 1080p, ya tanadi wuri, domin minti ɗaya kan iya cin fiye da megabait 100. Ya ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta da kaifi. Sauti ya fi hoto wahala, saboda iska na lalata shi, don haka ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga tana da amfani, ko a zauna a zaure.

Dabara mafi sauƙi ita ce zaɓar gona ɗaya, a tsaya a wuri guda, a ɗauke ta da rani, da bazara, da damina, da kaka. Sai a nemi izinin mai gonar, a tambaye shi itatuwa nawa ya gada, nawa suka rage, me ya ci su. A haɗa komai da CapCut ko InShot a minti biyar. Kafin a ɗora a Facebook ko TikTok, a fara nuna wa mai gonar, kuma a rubuta sunan ƙauye da ranar ɗauka a jikin bidiyon, domin wanda zai dawo wurin bayan shekara goma ya sami abin kwatantawa.