Finafinan Kung Fu Masu Ƙaramin Jari: Armashinsu da Naƙasunsu

1.0 Gabatarwa

A shekarun 1970 da na 1980, in aka ɗebe finafinan Indiya, finafinan faɗa da ake shiryawa a Hong Kong da Taiwan suna cikin waɗanda suka fi tara jama'a a gidajen silima na biranen ƙasar Hausa. Su ne 'yan kallo ke kira "Cainis". Mafi yawansu an yi su ne da kuɗi kaɗan kuma cikin gaggawa, don haka sau da yawa mai ilimi kan yi musu kallon shirme, ya ce ba su cancanci nazari ba. Amma abin da ya riƙe dubban mutane shekara da shekaru, a Asiya da Afirka da Amurka, bai kamata a wuce shi da taɓe baki kawai ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa armashin waɗannan finafinai da naƙasunsu tushensu ɗaya ne, watau ƙarancin jari. Rashin kuɗi shi ya jawo yawancin kurakuran da ake yi musu dariya a kai, shi ne kuma ya tilasta wa masu shirya su dogara ga jikin ɗan Adam da tsayayyen zubin labari, waɗanda su ne suka kama zukatan masu kallo.

2.0 Ma'ana da Asali

A harshen Sinanci, kalmar "kung fu" ba faɗa take nufi kai tsaye ba. Ma'anarta ita ce ƙwarewar da mutum ya samu ta hanyar wahala da daɗewa a kan abu, ko girki ne ko rubutu ko kokawa. Daga baya ne aka fi jingina ta ga fasahar faɗa. Wannan ma'ana ta asali tana da muhimmanci, domin kamar yadda za a gani nan gaba, neman ƙwarewa shi ne jigon yawancin finafinan.

Tun 1949 aka fara jerin finafinai a Hong Kong a kan Wong Fei-hung, wani mai magani kuma gwanin faɗa da aka haifa a kudancin ƙasar Sin a 1847. Ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a finafinai fiye da 70. A shekarun 1960 kuwa finafinan takobi ne suka yi tashe a hannun kamfanin Shaw Brothers. Sai a 1970, da fim ɗin The Chinese Boxer na Jimmy Wang Yu, faɗa da tsurar hannu ya karɓe kasuwa. A wannan shekara ce kuma Raymond Chow ya bar Shaw Brothers ya kafa Golden Harvest, kamfanin da ya ɗauki Bruce Lee. Fim ɗinsu na farko tare, The Big Boss (1971), a wani ƙaramin gari na ƙasar Tailan aka ɗauke shi da kuɗi kaɗan, amma ya tara fiye da dalar Hong Kong miliyan 3, abin da wani fim bai taɓa yi ba a can kafin sa.

Wannan riba ita ta buɗe ƙofa. Ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa a Hong Kong da Taiwan, kowanne yana neman rabonsa, musamman bayan 1973 lokacin da kasuwar Amurka ta buɗe da fim ɗin Five Fingers of Death. Finafinan waɗannan ƙananan kamfanoni su ne ainihin abin da muke magana a kai.

3.0 Yadda Ake Shirya Su

Ƙaramin kamfani ba shi da katafaren filin ɗaukar fim irin na Shaw Brothers. Saboda haka sai a fita bayan gari, a sami tudu ko kwari ko tsohon gidan ibada, a yi aiki da hasken rana. Wannan shi ya sa faɗan ƙarshe yakan kasance a fili fetal, babu gida babu jama'a. Ba a ɗaukar sauti a lokacin da ake ɗaukar hoto. Sai an gama a shiga ɗaki a ɗora murya da ƙarar duka da ta iskar riga. Maimakon a shimfiɗa wa kyamara dogo ta bi 'yan wasa, sai a tsaya wuri ɗaya a zuƙo fuskar mutum da gilashin kyamara farat ɗaya. In ana son jarumi ya yi tsalle ya hau soro, sai a ɗauke shi yana dirowa sa'an nan a juya hoton baya, ko a ɓoye masa shimfiɗar roba mai cilla mutum sama. Akan kuma rage gudun kyamara kaɗan daga hoto 24 a daƙiƙa, don in an haska a ga faɗan ya ƙara sauri.

Duk waɗannan dabaru ne na mai neman sauƙi. Abu ɗaya da ba a iya yi wa dabara shi ne faɗan kansa, domin babu kwamfutar da za ta zana shi a wancan zamani.

4.0 Armashinsu

4.1 Gwanintar Jiki

Da yawa daga 'yan wasan sun fito ne daga makarantun wasan kwaikwayon gargajiya na Sin, inda ake koya wa yaro alkafura da tsalle da sarrafa sanda tun yana ƙarami, da horo mai tsanani. Jackie Chan da Sammo Hung da Yuen Biao duk a makarantar Yu Jim-yuen ta Hong Kong suka tashi, Chan kuwa shekara goma ya yi a cikinta. Wasu kuma gadon faɗan suka yi. Alal misali, darakta Lau Kar-leung ya koya ne a wurin mahaifinsa, wanda ya koya a wurin Lam Sai-wing, almajirin Wong Fei-hung. Irin waɗannan mutane suna da yawa kuma ladansu ba shi da tsada, don haka ko kamfanin da ba shi da kuɗin gina fada yana iya samun gwanaye goma.

Sakamakon haka, sai a ja kyamara baya a nuna mutum biyu daga kai har ƙafa, su yi musayar hannu goma ko ashirin ba a yanke hoto ba. Mai kallo yana ganin abin da jiki ya yi da gaske. Wanda ya saba da filin dambe ko na kokawa ya san daɗin wannan, domin can ma ba labari ake zuwa ji ba, tsayuwa da kariya da yadda aka sami kafar kai hannu ake zuwa gani. Har ila yau, wannan harshe ne da ba ya bukatar tafinta. Ɗan kallon da bai ji Turanci ba, balle Sinanci, yana iya bin faɗa daga farko har ƙarshe, ya san wanda ya fi da dalilin da ya sa ya fi.

4.2 Tsayayyen Zubi

Zubin labarin kusan ɗaya ne. An kashe malami ko mahaifi. Yaro ya tsira. Ya nemi ramuwa aka yi masa jina-jina. Ya sami wani tsoho da ya karɓe shi. Ya sha wahalar horo. Ya koma ya kayar da yaran mugu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ga uban tafiyar. 'Yan kallonmu sun taƙaita wannan da kalmomi biyu, "akta" da "bos". Ana kushe finafinan da cewa maimaici ne, amma manazarcin adabin baka ya san maimaici ba aibi ba ne a kowane hali. Mai sauraron tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya san ƙarshenta tun kafin a fara. Abin da yake jira shi ne yadda mai ba da ita za ta sarrafa ta. Haka nan a waɗannan finafinai, sabon abu yana cikin salon faɗa ne: na maciji, na damisa, na biri, na ƙoƙi-ƙoƙi, na mashayi.

Zuciyar wannan zubi ita ce horo. A The 36th Chamber of Shaolin (1978), wanda ƙananan kamfanoni suka yi ta kwaikwayo, babban kaso na fim ɗin ya tafi ne wajen nuna almajiri yana ɗebo ruwa, yana buga ƙararrawa, yana wuce ɗaki bayan ɗaki. A Snake in the Eagle's Shadow (1978), wanda ƙaramin kamfanin Seasonal ya yi, jarumin maraya ne mai share-share, malaminsa kuma tsoho ne mai kama da mabaraci. Saƙon a fili yake: ilimi ba a gadonsa a kwance, sai da hidima ga malami da haƙuri, kuma ba a raina mutum don tufarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san zaman almajiri a gaban malaminsa.

4.3 Talaka da Azzalumi

Jarumin yawanci talaka ne: ma'aikacin masana'antar ƙanƙara a The Big Boss, ko ɗan ƙauye, ko bara. Abokin gabarsa kuwa attajiri ne, ko hakimin daular Manchu da ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, ko baƙo mai mulkin danniya. A Fist of Fury (1972), Bruce Lee ya farfasa allon da ya hana Sinawa shiga wani lambu a birnin Shanghai. An yi wannan fim ne a Hong Kong tana ƙarƙashin Ingila, wadda ba ta bar ta ba sai 1997. Ba abin mamaki ba ne don mutanen da suka ɗanɗana mulkin mallaka, da baƙaƙen fata na Amurka, suka ga kansu a cikin jarumin da ba Bature ba, wanda ba shi da bindiga sai hannunsa.

5.0 Naƙasunsu

5.1 Murya da Kiɗa

Tun da ɗora murya ake yi, kuma mutane ƙalilan ne ke fassarawa zuwa Turanci cikin gaggawa, baki yakan motsa dabam magana ta fito dabam, murya ɗaya ta yi wa mutum uku magana. Abin da ya fi wannan muni shi ne asarar ma'ana. Kalmomin girmamawa da ke bambanta malami da babban almajiri da ƙaramin almajiri sukan narke, karin magana ya koma magana maras kan gado. Kiɗa kuwa sau da yawa ɗebo shi ake yi daga faifan wasu. A Master of the Flying Guillotine (1976) an sa kiɗan ƙungiyoyin Jamus irin su Kraftwerk da Neu!, a Snake in the Eagle's Shadow kuma an sa na Jean-Michel Jarre na Faransa.

5.2 Cin Kasuwa da Sunan Mamaci

Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32. Nan da nan aka shiga neman masu kama da shi, aka laƙaba musu sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, don mai sayen tikiti ya ruɗe. A The Dragon Lives Again (1977) an kai shi lahira ya haɗu da James Bond da Dracula. Ko Game of Death (1978), wanda babban kamfani ya kammala da wasu a madadinsa, an liƙa hoton fuskarsa a madubi, an kuma sa hotunan jana'izarsa ta gaskiya a cikin labarin. Wannan ya wuce kuskuren fasaha, ya zama rashin mutunta mamaci da yaudarar mai kallo. Shi kansa Jackie Chan an so a mai da shi sabon Bruce Lee a New Fist of Fury (1976), bai kuwa yi suna ba sai da ya bar kwaikwayo ya koma barkwanci a 1978.

5.3 Haɗin Gambiza

A shekarun 1980, da kasuwar kaset ɗin bidiyo ta buɗe, wasu kamfanoni suka riƙa sayen tsofaffin finafinan Taiwan da Koriya da Tailan, su ɗauki 'yan fitowa kaɗan na Turawa sanye da kayan ninja, su cusa a ciki, su ɗora sabuwar murya. Sunan darakta Godfrey Ho ya shahara da wannan, kamar a Ninja Terminator (1985). A nan zubin da muka yaba ya rushe, gwanintar jikin ma ta ragu, sai sunan kawai.

5.4 Darasi da Haƙƙin Ma'aikaci

Ramuwar gayya ita ce maganin kowace matsala. Hukuma da sulhu ba su da gurbi. Japanawa kusan kullum mugaye ake nuna su. Mata kuwa, in aka ɗebe irin su Angela Mao da ta ja ragamar Hapkido (1972), galibi ana kawo su ne don a ci zarafinsu jarumi ya sami dalilin fushi. Daɗin daɗawa, gaskiyar faɗan da ke burge mai kallo da jikin wasu aka saye ta, domin masu faɗuwa a madadin taurari sun sha karaya da targaɗe a kan lada kaɗan.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga naƙasun iri biyu ne. Akwai na rashin hali, kamar saɓanin murya da maimaita fili ɗaya, waɗanda ba su hana fim yin kyau ba. Akwai kuma na son banza, kamar cin kasuwa da sunan mamaci da haɗin gambiza, waɗanda talauci ba ya wanke su. Mai nazari ya kamata ya raba su, ya kuma auna fim ɗin da ma'aunin wasan da ake yi a dandali, ba da na ƙagaggen labari ba. Hujjar cewa akwai fasaha ta gaske a ciki ita ce, Yuen Woo-ping, wanda ya ba da umarnin Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master a 1978, shi aka ɗauka ya tsara faɗan The Matrix (1999) da Crouching Tiger, Hidden Dragon (2000).

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin finafinan Hausa, waɗanda su ma da ƙaramin jari suka tashi. Tambayar da ta fi amfani ba ita ce nawa aka kashe ba. Ita ce wace gwaninta ce al'umma ke da ita tun asali, wadda kyamara za ta iya nunawa ba tare da ƙarya ba. Masu fim na Hong Kong sun sami tasu amsa a makarantun wasan gargajiya da gidajen koyon faɗa. Ko dambe da kokawa da sharo da wasan 'yan tauri za su iya zama irin wannan taska, batu ne da ya cancanci bincike na musamman.