Harouna Doula: gwarzon kocin Afirka da aka ƙwace wa Mena ana tsakiyar gasa

A watan Disamba na 2011, a birnin Accra, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta bayyana Harouna Doula Gabde a matsayin gwarzon mai horarwa na shekara. Bayan wata guda, ranar 23 ga Janairun 2012, Gabon ta doke Nijar da ci 2 da nema a Libreville, kuma kafin wasa na biyu ragamar Mena ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka ɗauko da sunan mai ba da shawara.

Kafin a auna nauyin wannan hukunci, sai an tuna inda Doula ya ɗauko ƙungiyar. Lokacin da aka damƙa masa ita a 2009, Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba. A 2010 ya ci kofin ƙasashen UEMOA a Yamai. A 2011 ya kai 'yan wasan cikin gida zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar CHAN ta Sudan, inda mai masaukin baƙi ta fitar da su a bugun fenareti.

Babban aikin shi ne neman gurbin 2012. An haɗa Nijar da Masar, mai riƙe da kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mena ta sha kashi a duk wasanninta uku na waje, amma a filin Seyni Kountché babu wanda ya tsira: Masar ta faɗi 1-0 da ƙwallon Moussa Maazou, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1. A ranar ƙarshe ƙasashe uku suka tashi da maki 9 kowacce. 'Yan Afirka ta Kudu, da suka yi canjaras da Saliyo, har rawa suka taka a fili, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba. Alhali dokar gasar ta ce sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya ake fara lissafawa, a nan kuwa Nijar ke da 6, sauran biyun 5-5. Masar ta lallasa Mena 3-0 a Alƙahira a wannan rana, amma Mena ce ta wuce.

To me ya sa wasa ɗaya ya isa a ture shi? Masu goyon bayan matakin na da abin kafa hujja: ƙungiyar ba ta iya wasan waje ba, kuma a Libreville hakan ya sake fitowa fili. Sai dai canjin bai haifar da ɗa mai ido ba. Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0, Nijar ta koma gida babu maki ko ɗaya. Daga baya aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr.

Wannan ba a Nijar aka fara shi ba. A Najeriya, marigayi Shu'aibu Amodu ya sama wa Super Eagles gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, kuma duka biyun aka sallame shi kafin gasar. Ta 2010 ɗan Suwidin Lars Lagerbäck ne ya je da ƙungiyar. Kocin gida ya yi noma, idan girbi ya zo a nemo wani.

Doula bai bar filin ba. Ya koma aiki a cikin gida, wurin da babu albashin ƙasashen waje kuma babu 'yan jarida da yawa, har hukumar FENIFOOT ta sake ba shi ƙungiyar CHAN. A lokacin, wannan gasa ta 'yan wasan da ke bugawa a ƙasarsu ce kaɗai, don haka ba ta buƙatar mai lambar wayar wakilan 'yan wasa a Turai, tana buƙatar wanda ya san wa ke buga me a Yamai, Maraɗi da Arlit. Ga yaron da ke buga ƙwallo a Timia, cikin duwatsun Ayar, a lokacin ita ce hanya mafi kusa zuwa rigar ƙasa, in har akwai mai kallon wasannin jihohi.

A Aljeriya, farkon 2023, Mena ta yi canjaras da Kongo babu ci, ta fitar da Kamaru da 1-0, sannan ta doke Gana 2-0. Wasa uku, ba a zura mata ko ɗaya ba, kuma duk a waje, wato ainihin raunin da aka tuhume shi da shi shekara 11 baya. A wasan kusa da na ƙarshe Aljeriya ta yi mata 5-0, Madagaska kuma ta ɗauke matsayi na uku da 1-0. Nijar ta ƙare ta huɗu, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba a gasar.