Ƙafa Biyar Tsakanin Mai Sihiri da Dabbarsa

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ya buɗe ƙofar abin da ake kira wasan kwaikwayo na kan tebur. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama, kowa da takarda da fensir, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a cikin labari: wannan mayaƙi, wancan maharbi, wannan barde. Mutum guda kuma shi ne alƙalin wasa, shi yake ba da labarin, shi yake yanke hukunci. In jarumi ya kai sara, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20 a ga ko saran ya samu. Sihirin da ke cikin wasan ba surkulle ake karantawa ba, ba kuma turare ake ƙonawa ba. Layi ne a littafin dokoki da yake cewa an ƙara wa jarumi sauri, ko an warkar masa da rauni, na tsawon minti kaza. Wasu jaruman suna tafe da dabba abokiyar tafiya, kuma a kansu ne aka daɗe ana ja-in-ja: in mai dabba ya yi wa kansa sihiri, dabbar ma za ta samu, ko kuwa?

Tambayar ta yi kama da ƙarama, amma adalci tsakanin mutanen da ke zaune a tebur ɗaya ya rataya a kanta. A wannan wasa ana raba faɗa zagaye-zagaye, kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labarin, kuma kowane jarumi sau ɗaya layi yake zuwa kansa. Sihirin da mutum zai iya yi a rana ɗaya ma ƙidayayye ne. Mai dabba tun farko ya shigo da jiki biyu, alhali mayaƙi da jiki ɗaya ya zo. In aka ce kuma kowane sihiri ɗaya da ya kashe zai amfani jikin nan biyu a kyauta, to an ninka masa abu biyu da suka fi komai tsada a wasan, wato lokaci da guzuri. Shi ya sa nake ganin raba sihiri da dabba abu ne mai kyau, amma sai in yana da farashi, kuma farashin da ɗan wasa zai ji a jikinsa tun jaruminsa yana ƙananan matakan ƙarfi.

Bugun da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2003, wanda ake kira 3.5, ya gane haka, sai ya sa kusanci ya zama kuɗin. Duruwid, wato mai sihirin daji, yana samun dabbarsa tun matakin farko: kyarkeci, ko gaggafa, ko doki, har raƙumi yana cikin jerin. Doka ta ce duk sihirin da ya yi wa kansa zai iya shafar dabbar, muddin tana cikin ƙafa 5 daga gare shi. Ƙafa 5 kuwa gida ɗaya ne tak a kan taswirar da ake shimfiɗawa a tebur. Da zarar dabbar ta wuce wannan tazara sihirin ya bar ta, ko ta dawo ba zai sake kama ta ba. A duba yadda wannan yake aiki. Duruwid ya yi sihirin Barkskin, mai sa fata ta yi tauri kamar ɓawon itace, kyarkecinsa yana gefensa, su duka biyu sun samu. Ga maƙiyi can gida shida gaba yana ɗana kibiya. Ɗan wasan ya ɗora yatsa a kan ɗan gunkin kyarkecin, ya tsaya. In ya tura shi, taurin fatar ya tafi daidai inda aka fi bukatarsa. In ya riƙe shi, kibiya za ta zo. In ya bi shi a guje, ya kai kansa bakin takobi. Wannan tsayawar yatsa ita ce wasan, kuma doka ce ta haife ta.

Sai dai dokar tana da ɓaraka. Wanda yake kan dabbarsa ba ya taɓa yin nisan ƙafa 5 da ita, don haka mahayin doki ko raƙumi ya samu ninki ba tare da ya biya ko kwabo ba. Daga baya kuma, a 2006, littafin Player's Handbook II ya kawo wata baiwa da jarumi zai iya zaɓa, wadda ta miƙa tazarar zuwa ƙafa 30. Duruwid na wannan bugu dama ya yi suna wajen fin sauran jarumai ƙarfi, sai aka ƙara wa Borno dawaki.

Da kamfanin Paizo ya gina wasansa Pathfinder a kan wannan bugu a 2009, sai ya cire ninkin daga ainihin dokar. Abin da ya bari shi ne, sihirin da mutum ba ya iya yi wa kowa sai kansa, kamar Longstrider mai ƙara ƙafa 10 a kan saurin tafiya, zai iya taɓa dabbarsa ya ba ta, shi ya haƙura. Ya kuma sharɗanta cewa sihirin ya fito daga sana'ar jarumin da ta ba shi dabbar, kamar ta duruwid, don kada a kwaso na wata sana'a a jibga wa damisa. Shekara guda bayan haka aka ƙara wata baiwa ga waɗanda suka yi nisa: su duka biyu za su samu, amma tsawon lokacin sihirin ya ragu zuwa rabi. A ganina nan aka fi dacewa, domin rabin lokaci farashi ne da mahayi da mai tafiya a ƙasa duk za su biya.

Akwai masu cewa wannan lissafi duk ɓata lokaci ne, tunda 'yan wasan ba gasa suke yi da juna ba, labari suke ginawa tare. Gaskiya ne ba gasa ba ce. Amma wanda ya zauna awa huɗu yana kallon abokinsa da kyarkecinsa suna gama kowane faɗa kafin layi ya zo kansa, ba labari yake ginawa ba, kallo yake yi, kuma da wuya ya dawo mako mai zuwa. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa dabbar rarrauna ce, in ba a taimake ta da sihiri ba mutuwa za ta yi ta yi. Suna da shaida. A bugu na biyar da Wizards of the Coast ya fitar a 2014, maharbi mai dabba an taƙaita shi ga ƙananan namun daji, kuma sai ya sadaukar da nasa aikin na zagayen kafin dabbar ta kai hari. Raba sihiri, cikin tazarar ƙafa 30, ba ya samunsa sai mataki na 15, alhali sanannen littafin labari irin Curse of Strahd a wajen mataki na 10 yake ƙarewa. Koke-koke suka yi yawa. Amma a lura da maganin da aka kawo a 2020 cikin littafin Tasha's Cauldron of Everything: an ƙarfafa dabbar ita kanta, ƙarfinta yana hawa tare da na ubangidanta, an kuma sauƙaƙa ba ta umarni. Ciwon yana jikin dabbar, can aka sa magani. Sihiri kyauta ba zai gyara dabbar da aka gina da rauni ba, zai dai ƙara wa wadda dama take da ƙarfi.

Wasu kuma su ce a bar wa alƙalin wasa ya yanke. Alƙali yana yankewa, amma da abin da aka rubuta masa yake aiki. Dokin barde na 2014 misali ne: an ce sihirin da ya nufi barden shi kaɗai zai shafi dokin in yana kansa, aka kuwa yi ta musu a kan wane sihiri ne ya nufi mutum shi kaɗai. A gyaran 2024 an cire wannan, an bar abu ɗaya bayyananne: in sihiri ya warkar da barde, dokinsa ma ya warke daidai haka, in yana cikin ƙafa 5.

Ga duk wanda zai ja ragamar irin wannan wasa, shawarata ita ce ya zauna da 'yan wasansa kafin a jefa ƙwayar farko, a amince da doka ɗaya a rubuta ta. Ya ba mai dabba damar raba sihiri tun da wuri, ya raba tsawon lokacin biyu, kuma kada ya yafe wa mahayi.