Alamar Wi-Fi Ta Cika, Intanet Babu: Ina Laifin Yake?

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Manyan kebul huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala kusan lokaci guda. A Najeriya tura kuɗi ta banki ya zama jan aiki, a Kwaddibuwa abin ya fi muni. Amma wanda ke zaune a ofis a Kano ko Akara, in ya dubi goshin wayarsa, alamar Wi-Fi cike take tam. Na'urar da ke manne a silin ɗinsa lafiyarta ƙalau, laifin yana can gindin teku.

Abin da masu gyara suka daɗe suna fama su fahimtar da masu kasuwanci ke nan: Wi-Fi daban, intanet daban. Intanet shi ne ruwan, daga kamfanin sadarwa yake zuwa, ko ta layin waya, ko ta zaren gilashi, ko ta farantin Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Rauta ita ce tankin da ke karɓa ta raba. Kebul su ne bututai. Na'urar nan mai kama da faifai da ake kafewa a silin, wadda masu sana'ar ke kira akses foyin, kan famfo ce kawai. Sau da yawa ita ake ɗora wa laifi, don ita ido ke gani.

Ƙaramar rautar gida tana haɗa duk waɗannan ayyuka a akwati ɗaya, kuma tana isar miji da mata da yara. Otal mai ɗaki talatin, ko makaranta, ko asibiti, sun fi ƙarfinta: da wayoyi sun yi mata yawa sai ta fara numfashi sama-sama. Shi ya sa wurin kasuwanci ke raba aikin. Rauta ɗaya, suwic ɗaya (akwatin da kebul ke haɗuwa a jikinsa), sai akses foyin gwargwadon girman gini, irin UniFi na kamfanin Ubiquiti, ko Omada na TP-Link, ko na MikroTik. Duka akses foyin ɗin ana sa musu suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, yadda baƙo zai tashi daga falo ya shiga ɗakinsa ba tare da an sake tambayarsa komai ba.

Kuskuren da ya fi yawa tun ranar kafawa ake yinsa. Mai wuri ya kashe kuɗi mai tsoka, saboda haka yana son na'urar a ofishinsa, a bayan talabijin, ko a cikin kabad na ƙarfe don kada a taɓa. Wannan daidai yake da a kunna fitila a kifa mata kwarya. Siginar Wi-Fi tana raguwa a duk bangon da ta ratsa. Katako da filasta ba sa cinta sosai, amma bulo da kankare mai rodi da ƙofar ƙarfe da madubi da tankin ruwa suna cinye ta. Kayan da aka jibge har silin, irin yadda ake tara diloli a shagunan Kantin Kwari, su ma bango ne. Har jikin mutum yana tare ta, tunda yawancinsa ruwa ne. Ɗakin taron da aka gwada da safe babu kowa, komai na gudu, da yamma in 'yan biki sun cika shi sai labari ya sha bamban. Wurin na'urar shi ne tsakiyar inda mutane ke zama, a ƙarƙashin silin, fuskarta na kallon ƙasa. Ba a cusa ta tsakanin silin da kwano, inda zafin Afrilu zai dafa ta.

Ba da ido ake auna wannan ba. Manhajojin kyauta irin WiFi Analyzer suna nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar lamba ta fi: -50 ta fi -70 kyau nesa ba kusa ba. Masu sana'ar sukan nemi -67 ko abin da ya fi shi kyau a duk inda za a yi kiran murya ko na bidiyo. In an kai -80, suna ne kawai ya rage.

A nan ne wasu ke cewa a ƙure wa na'urar ƙarfi. Dabara ce mai kama da gaskiya, amma ba ta fisshe su. Mai tallan magani a kasuwa, da lasifikarsa, ana jinsa daga ƙarshen layi; wanda ke can ƙarshen layin kuwa, in ya tambayi kuɗin kwalba ɗaya, mai maganin ba zai ji shi ba. Haka wayar hannu take. Tana jin na'urar, har ta nuna alama cike, amma muryarta ba ta isa ta koma. Na'ura biyu masu matsakaicin ƙarfi sun fi ɗaya mai ihu. Ƙananan na'urorin ƙara nisa da ake soka wa a soket ma ba magani ba ne, domin wadda ke karɓa da turawa da rediyo ɗaya takan raba gudun gida biyu.

Sai kebul, wanda shi ne ɓoyayyen mai laifi. Akses foyin na kasuwanci ba ya buƙatar soket a silin. Kebul ɗin da ke kawo masa intanet shi ke kawo masa wuta, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar 2003, mai lamba 802.3af, tana ba da wat 15.4. Ta 2009, wato 802.3at, tana ba da wat 30. In aka haɗa sabuwar na'ura mai cin wuta da tsohon suwic, tana iya kunnuwa, fitilarta ta haska kamar ba komai, amma ta rage ƙarfinta ko ta riƙa mutuwa tana tashi da zarar mutane sun hau. Wasu tsofaffin na'urori kuma bolt 24 suke ci, kuma adaftar da ba tasu ba tana iya ƙona su.

Tsawon kebul kada ya wuce mita 100. Ingancinsa ma abin dubawa ne, don kasuwa cike take da mai arha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Gane shi ba wuya: a feƙe zare ɗaya a kankare da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, to shi ne. Irin wannan yana zubar da wuta a hanya, kuma yana karyewa da wuri. Zare takwas ne a cikin kebul, kuma gudun megabit 1,000 yana buƙatar duka takwas ɗin. In ɗaya bai kama ba wurin matse kan, haɗin yakan faɗo zuwa 100, wani lokaci ya yanke gaba ɗaya, mai wuri kuma ya yi ta zagin kamfanin sadarwa a banza.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani ga mai karatu. Duk lokacin da aka ɗauke aka tayar da janareta, na'urorin sai sun ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin su dawo hayyacinsu. Ɗora rauta da suwic a kan inbata yana kashe wannan ƙorafi. Kebul ɗin da ya ratsa waje daga gini zuwa gini kuma yana buƙatar kariyar tsawa kafin damina.

Iska ma tana da cunkoso. Wi-Fi yana amfani da manyan hanyoyi biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Ta farko ta fi nisa da ratsa bango, amma tashoshi uku kaɗai aka saba dogara da su a cikinta don ba sa taka juna: 1 da 6 da 11. A filaza mai shago ashirin, kowa da rautarsa, duka a kan waɗannan ukun suke turereniya, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci da ke aiki a 2.45. Gigahaz 5 ba ta da nisa sosai, amma tana da fili da sauri. Mai saiti na ƙwarai yakan tura sababbin wayoyi can, ya bar 2.4 ga tsofaffi da firinta, kuma ba ya barin na'urori biyu maƙwabta a tasha ɗaya.

Akwai wata cuta da ke rikita mutane: waya ta haɗu, amma ta rubuta cewa babu intanet. Sau da yawa matsalar adireshi ce. Duk na'urar da ta shigo sai rauta ta ba ta lamba, kamar yadda ake ba baƙo makullin ɗaki. A tsarin da aka saba, lambobin ba su wuce 254 ba, kuma rautoci da yawa sukan bar wa mutum lambarsa har awa 24. Gidan abincin da ɗaruruwan mutane ke shiga suna fita a yini sai makullansa su ƙare kafin la'asar, alhali masu riƙe da su sun daɗe da tafiya. Rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu ya wadatar. Wani lokaci kuma ma'aikaci ne ya kawo tsohuwar rautarsa daga gida ya soka a bango, aka wayi gari da masu raba makulli biyu a gida ɗaya. Kwamfutar da adireshinta ya fara da 169.254 tana faɗa ne cewa ba wanda ya ba ta lamba.

Batun tsaro kuwa, labarin kamfanin TJX na Amurka ya isa misali. A 2007 kamfanin ya bayyana cewa an sace bayanan katunan kuɗi sama da miliyan 45. Ɓarayin sun samu ƙofa ne ta Wi-Fi na shagunansa na Marshalls, a lokacin da kamfanin ke kan tsohon tsarin kulle na WEP, wanda masana suka tona rauninsa tun 2001. Jagoransu, Albert Gonzalez, an yanke masa shekara 20 a 2010. Yau abin da ya dace shi ne WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018. A kashe tsarin haɗa na'ura na WPS, wanda aka gano a 2011 cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ba ta wuce gwaji 11,000 a fasa ta. A canza lambar shiga saiti da na'urar ta zo da ita daga kamfani. Da irin waɗannan lambobi ne ƙwayar cutar kwamfuta ta Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a 2016. Sannan a ware wa baƙi nasu Wi-Fi, wanda ba ya ganin kwamfutar akanta, ko kyamarorin tsaro, ko na'urar POS.

In kira ya zo, "Injiniya, netwok ya ɗauke," gogaggen mai gyara ba ya ɗaukar tsani tukuna. Yakan ce, "Alhaji, ga kowa ne, ko wayarka kaɗai? Ko'ina ne, ko ɗaki ɗaya?" In waya ɗaya ce, a sa ta manta da Wi-Fi ɗin a sake haɗawa. In sashe ɗaya ne, a dubi fitilar na'urar wurin da ramin da kebul ɗinta ya shiga a suwic. In kowa ne, a soka kwamfuta kai tsaye a jikin rauta: in nan ma babu, magana ta koma kan kamfanin sadarwa, ko kuma data ce ta ƙare ba wanda ya lura, abin da ke faruwa fiye da yadda masu wuri ke son amsawa.

Abu ɗaya da mai gyara ke roƙo kafin ya iso shi ne kada a taɓa ɗan ramin nan na bayan na'ura. Kashewa a kunna ba laifi. Amma tsinken da aka zura aka danne na daƙiƙa goma yana goge suna da lambar sirri da tashoshi da rabon baƙi, aikin yini guda ya koma yadda ya fito daga kwali. Masu lura sukan ajiye kwafin saitin a filashi, su rubuta lamba a kan kowane kebul da abin da ya nufa, su saka takardar a durowar manaja.