Asibitin da Aka Ce Ya Riƙe Kansa

A shekarar 2019 gwamnatin Biyetnam ta zaɓi manyan asibitocinta huɗu, ta ce za ta sakar musu mara: su ɗauki ma'aikata da kansu, su sayi kayan aiki, su biya albashi daga abin da suka tara, ba tare da jiran baitulmali ba. Biyu kaɗai suka shiga gwajin, wato asibitin K na masu ciwon daji da kuma Bach Mai na birnin Hanoi, tsohon asibitin da aka kafa tun zamanin mulkin Faransa. A 2022 dukansu biyun suka roƙi a tsame su daga tsarin.

Wasu sun ɗora laifin a kan korona, kuma da gaskiyarsu. Bach Mai ya fara cin gashin kansa a farkon 2020, a ƙarshen watan Maris kuwa aka rufe shi saboda cutar ta ɓulla a cikinsa. Marasa lafiya suka ragu, kuɗin shiga ya faɗi, alawus ya yi ƙasa, ma'aikata fiye da 200 suka bar aiki. Amma annobar tona rauni ta yi, ba ita ta haifar da shi ba.

Tushen matsalar farashi ne. Mafi yawan masu zuwa asibitin suna da inshorar lafiya ta gwamnati, kuma gwamnati ce ke yanke abin da za a biya a kan kowane aiki. A lokacin gwajin, wannan farashin ya ƙunshi magani, da wuta da ruwa, da ƙananan gyare-gyare, da albashi. Bai ƙunshi tsufan na'ura da na gini ba. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki tana da iyakar shekarunta. Idan ba a ware wani abu daga kuɗin kowane hoto ba, ranar da ta mutu babu abin sayen wata. An ce wa asibiti ya ciyar da kansa, amma ludayin yana hannun wani.

To, ta ina za a cike giɓin? Tun kafin gwajin, asibitocin ƙasar sun saba barin kamfanoni su girka na'urorinsu a ciki, a riƙa raba ribar. A Bach Mai wannan hanyar ta ƙare a kotu: an gano an ninka kuɗin wata na'urar tiyatar ƙwaƙwalwa, marasa lafiya suka biya fiye da ƙima, aka ɗaure tsohon shugaban asibitin. Bayan haka na'urorin haɗin gwiwa da dama suka tsaya, jami'ai kuma suka riƙa ɗari-ɗari da sa hannu a takardun sayen kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne talaka. Asibitin da albashinsa ya dogara da aljihun majiyyaci dole ya karkata ga ɗakunan alfarma da gwaje-gwaje masu tsada, alhali nan ne ake turo waɗanda ciwonsu ya gagari asibitocin larduna, galibinsu marasa ƙarfi. Shi ya sa Bach Mai ya nemi matsayi na tsakiya: ya ɗauki nauyin albashi da hidimar yau da kullum, gwamnati kuma ta ci gaba da gina gine-gine da sayen manyan na'urori.